Hunturu, ɗaukewar kuran da tukunyar ruwan zafi: tarihin makamashinmu a ƙasar Damagaram



Iskar gabas ta taso, hazo ya rufe gari, leɓe ya fara tsagewa. Duk shekara in lokacin nan ya zo, gardama ɗaya ce a majalisun shayi da tsakar gidaje: in kuran ya ɗauke kwana biyu ko uku, me ya kamata mutum ya ajiye don tafasa ruwa? Wani ya ce gaz, wani ya ce gawayi, tsofaffi su ce ku dai ku tara itace. Mun ga ya dace mu waiwayi baya kafin mu tsoma baki, don kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa yana da ranar da ya shigo ƙasar nan, kuma yana da ranar da ya ba mu kunya.

Wani zai ce, to ina ruwan ƙauye da kuran, mu da ba da lantarki muke dafa ruwa ba? Ai ba tukunya ce ke fara mutuwa ba, famfo ne. Ruwan da birnin Damagaram ke sha, tun daga rijiyoyin Gogo da Machaya har zuwa waɗanda aka haƙa daga baya, inji ne ke turo shi. In injin ya tsaya, shato ya bushe, sai a koma rijiyar da ba murfi da ragowar ruwan tabki. Wannan ruwan ba a ba yaro shi sai an tafasa. A lokaci guda kuma mutanen birni da suka saba tsoma ƙarfen dumama ruwa cikin bokiti sai su dawo kan itace da gawayi, kuɗinsu ya hau, motoci su fito ƙauyukanmu neman kaya. Ka ga kenan wutar da ta ɗauke a Birni da Zongo, a murhun Tirmini ake jin ta. Kuma ba wasa ba ne: kwalarar da ta ɓarke a Nijar a 2021 ta kama mutum sama da 5.000, jihohin Maradi da Damagaram na cikin inda ta taɓa.

Mu fara daga zamanin sarauta. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, an san shi da ganuwar Birni da kuma igwa da albarushin da aka riƙa ƙerawa a cikin gari. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne duk wannan aiki gawayi ke cinsa. Maƙeri ba ya narka ƙarfe da kara, sai gawayi mai ƙarfi, irin na ƙirya, albarushi ma da garin gawayi ake haɗa shi. Wato tun a lokacin gawayi kayan sana'a ne da na yaƙi, ba na girkin kullum ba. Mata kuwa da sabara, kalgo, geza, karan hatsi da busasshen kashin shanu suke hura wutarsu. Kuma ana ba da labari har yau cewa Tanimu ya kafa doka mai tsanani a kan gawo: wanda ya sare shi, kansa ne a bakin takobi. Ko an ƙara wa labarin gishiri ko ba a ƙara ba, yana nuna cewa masu mulkin wancan lokaci sun san itacen gona dukiya ce da ake tsaro.

A ƙarshen watan Yuli na 1899, a nan Tirmini, dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka gwabza da sojojin Faransa ƙarƙashin Pallier, ragowar rundunar nan ta Voulet da Chanoine da ta ƙona garuruwa a hanyarta. Igwar Damagaram ba ta tsaida su ba, washegari suna cikin birni. Kowa ya san wannan. Abin da ya shafi maganarmu ta yau shi ne abin da ya biyo baya a hankali: itace ya tashi daga hannun sarki da mai gona ya koma hannun gwamnati. Damagaram ta zama hedkwatar mulkin mallaka daga 1911 zuwa 1926, bariki da ofisoshi suna buƙatar itacen gini da na wuta. Dokar daji ta 1935, wadda aka yi wa dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, ta ƙirƙiro gandun daji na gwamnati da jerin itatuwan da ba a taɓawa sai da izini. Bayan 'yancin kai dokar 1974 ta bi sawunta.

Niyyar kāre daji ce, amma duba yadda ta kaya. Manomi ya gane cewa in ya bar gawo ya girma a gonarsa, ba nasa ba ne, reshe ɗaya ya sara sai tara. To me zai sa ya bar shi ya girma? Sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, kafin ma'aikacin gandun daji ya gani. Ga noman gyaɗa da ya buɗe gonaki fetal. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, sai suka tarar da ƙasa tsirara. Iyayenmu mata suna iya ba ku labarin yadda ake fita neman itace da asuba a dawo da azahar da ɗan ƙullin da bai kai a dafa tuwo sau biyu ba, da yadda aka koma tonon saiwa da ƙona tumfafiya, mai hayaƙin da ke sa ido hawaye.

A nan ne ya kamata mu tuna da mai jego. A al'adarmu mace in ta haihu, kwana arba'in tana wankan ruwan zafi safe da yamma, kuma tara itacen wankan nan wajibin miji ne tun ciki na wata bakwai ko takwas. Likitoci suna da ta cewa a kan zafin ruwan da kunun kanwa, wannan zance ne na wata rana. Amma ta fuskar tanadi, itacen jego shi ne tsohon tsarinmu na ajiyar makamashi: a san ranar buƙata, a tara tun da wuri, a zaɓi busasshe mai nauyi, a jera shi inda raɓa da gara ba za su ci ba. Mutumin da matarsa ta haihu cikin sanyin 1984 ya san abin da rashin wannan tanadi ke nufi.

Daga nan gwamnati ta farka. A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kountché, aka yi babban taro a Maradi kan yaƙi da hamada. A shekarun nan ne aka yaɗa murhun ƙarfe Mai Sauƙi da na laka Albarka, don rage cin itace. A 1992 aka fito da dokar kasuwannin itace na karkara, wadda ta ba ƙauyuka damar sayar da itacen dajinsu da kansu, su kuma ci wani kaso na harajin. Kusa da mu, gandun dajin Takeita ya koma ƙarƙashin kulawar haɗin gwiwa tsakanin mazauna da hukuma a ƙarshen shekarun 1990. Amma abin da ya fi duka tasiri ba daga ofis ya fito ba. Sassaben zamani ne: manomi ya bar kututture ya tofo, ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran. An fara yaɗa shi a ƙasar Maradi a shekarun 1980, manoman Magaria, Matameye da Mirriah kuma suka cika gonakinsu da gawo. Masu binciken da suka duba hotunan tauraron ɗan adam sun ƙiyasta eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Dokar daji ta 2004 ta zo ta sassauta wa mai gona. Itacen da muke gani jibge a bakin hanyar Damagaram zuwa Takeita yau, da yawansa daga wannan datsar yake fitowa.

Lantarki kuwa labarinsa gajere ne. An kafa NIGELEC a 1968. A tsakiyar shekarun 1990 aka ja babbar waya daga Katsina zuwa Gazawa, ta rabu zuwa Maradi da Damagaram. Tun daga nan hasken yankinmu ya ɗaure da na Najeriya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta katse wutar a farkon watan Agusta bisa takunkumin CEDEAO, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa. Ba a maido ta ba sai watan Maris na 2024. Ku lissafa da kanku: hunturu guda cur ya faɗa cikin wannan tsakani.

Gaz shi ne auta. Matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram, kan hanyar Tanut, an buɗe ta ranar 28 ga Nuwamba 2011, tana tace ganga 20.000 a rana daga man Agadem. Da ita ne kwalbar gaz ta sauko daga kayan manyan ma'aikata ta shiga gidan talaka, aka tsaida cikon mai kilo 6 a kan sefa 1.800. Alheri ne babba, ba mai musu. Sai dai duk wanda ya taɓa yawo da kwalba wayam a bayan babur daga depo zuwa depo ya san matata guda ce, in ta tsaya gyara ko motocin dako suka makara, shi kenan. Gawayin ƙasa na Anu Araren, da SONICHAR ke haƙa a jihar Agadez, an yi ƙoƙarin shigar da shi gidaje, amma wuyar kamawarsa da nisan hanya sun hana shi zama a murhunmu.

To yanzu wanne za a ajiye? Ga ɗan lissafi na kusa-kusa, irin wanda muka koya a ajin fizik. Kilo ɗaya na gaz yana ɗauke da zafin da ya kusan ninka na busasshen itace sau uku, kuma kusan rabin zafin yana shiga tukunya. A murhun duwatsu uku kuwa, da ƙyar kashi ɗaya cikin bakwai ko takwas ke shiga, sauran iska ce ke sha. Saboda haka bido mai lita 20 zai ci kamar kilo 3 zuwa 4 na itace kafin ya tafasa, gaz kuwa bai wuce sulusin kilo ba. Kwalba mai kilo 6 za ta iya tafasa wajen bido ashirin. Gaz ba ya lalacewa a ajiye, ko shekara nawa, in dai roba da bakin kwalbar ba sa yoyo. Sanyin da ke hana shi fita a ƙasashen Turai, wato in awo ya sauka kusa da sifili, ba irin namu ba ne. Abokin gabarsa a nan iska ce. Ka kunna shi a fili cikin hunturu, harshen wutar ya kwanta gefe, rabin kuɗinka ya tafi. A jingina shi da katanga, a kāre shi da guntun kwano ko bulo, amma kada a lulluɓe kwalbar kanta har ta ɗau zafi.

Gawayi ma ba ya ruɓewa, gara ba ta damu da shi ba, buhu ɗaya a wuri busasshe zai kai baɗi. Laifinsa biyu. Na farko, kafin a samu kilo ɗaya an ƙona kilo biyar zuwa bakwai na ice, yawanci ƙirya, wadda ba ta girma da sauri. Na biyu shi ne wanda ke kisa. In sanyi ya tsananta sai a ce bari a shigo da kaskon ɗaki, ruwa na zafi muna jin ɗumi, a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum ya fara jin ciwon kai da kasala, ya ɗauka barci ne, ba ya tashi. Wallahi gara a sha sanyin tsakar gida. A hura a waje, a tafasa a waje, ruwan kawai ya shiga ɗaki.

Kananzir yana jimre ajiya cikin galan mai murfi, amma ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, reshonsa ma ya kusa ɓacewa daga kasuwa. Isansi kuwa, don Allah jama'a, ba makamashin girki ba ne. Yana hucewa cikin 'yan watanni, tururinsa yana bin ƙasa ya tarar da wuta daga nesa. Kwalbar isansi a ɗakin da aka yi rufin kara, cikin iskar hunturu, ita ce ke cinye unguwa. Kara da ɓawon gyaɗa na kunna wuta ne da shayin gaggawa, ba su riƙe zafi, kuma dabbobi da gona sun fi murhu buƙatarsu.

A ganinmu, mai hali ya ajiye kwalba ta biyu cike, kada ya taɓa ta sai ranar da ta ɓaci. Amma ginshiƙin tanadi a ƙauye irin namu shi ne itacen datsa daga gonar mutum, don shi kaɗai ne ba ya jiran waya daga Katsina ko mota daga matata. Sai dai a yi shi yadda ake yin na jego. A datsa bayan girbi, a faskara, a bar shi ya bushe sosai, don ɗanyen ice wani ɓangare na ƙarfinsa wajen ƙona ruwan jikinsa yake tafiya. A ɗora shi bisa duwatsu ko rumfa, kada ya taɓa ƙasa. A fara ƙona gawo, don ƙwari na saurin huda shi, a bar kalgo, sabara da geza su jira. A gina murhun laka mai baki ɗaya a lungun da ke bayan iskar gabas, nesa da danga da rumbu, a rufe tukunya da murfi.

Ruwan sha kuma ba ya buƙatar a yi ta ƙona masa itace rabin sa'a. In yana da laka a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, a ɗora. Da zarar ya tafasa sosai yana juyawa, a ba shi minti ɗaya cikakke a sauke. A bar shi ya huce cikin tukunyar da murfinta, a zuba a randa ko bido da aka wanke, a ware masa moɗa guda wadda yara ba sa tsoma hannu da ita.