Tambayar da Ake Binnewa Tare da Jariri

A Kankia da Kusada, kamar sauran ƙasar Hausa, ɗan da ya zo babu rai ba ya kwana a gida. A naɗe shi a ƙyalle, a kai shi makwancinsa, a dawo a yi wa uwa jaje. Ko ungozoma ta ga ƙari a gadon bayansa, takan ja bakinta ta yi shiru. In abin ya maimaitu, sai a ce wabi ne.

Likitanci ya daɗe da hanyar gano dalili, amma ta wuƙa ce, wato fiɗar gawa. Musulmi kuwa yana kiyaye alfarmar mamaci, yana gaggauta binne shi, don haka da wuya uba ya yarda.

Abin da ya sauya lamarin a Ingila ya faru. A 1999 aka bankaɗo cewa asibitin yara na Alder Hey da ke Liverpool ya yi shekaru yana adana sassan jikin jarirai ba da sanin iyayensu ba. Iyaye suka ja da baya daga fiɗa, likitoci suka koma neman amsa a hoto. Hoton ƙashi, wanda Röntgen ya gano tun 1895, yana nuna tawayar ƙasusuwa. Na'urar MRI kuma tana leƙa ƙwaƙwalwa da ƙoda ba tare da an tsaga fata ba. A 2013 mujallar Lancet ta buga binciken da aka yi a Landan kan gawarwaki 400 na 'yan tayi, jarirai da yara. Hoto, haɗe da gwaje-gwaje marasa fiɗa, ya dace da sakamakon wuƙa a kusan tara cikin goma.

Amsar ba ta dawo da wanda ya tafi. Cikin gaba take yi wa amfani. Idan buɗaɗɗiyar laka ce, tun 1991 aka tabbatar cewa folik asid kafin ɗaukar ciki yana rage maimaituwarta da kusan kashi 70 cikin ɗari. Idan ciwon gado ne da uwa da uba ke ɗauke da shi a ɓoye, kamar yadda kan faru a auren zumunci, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu.

MRI ta yi wa ƙauyukan Kusada nisa. Amma Kankia na da makarantar horar da ma'aikatan lafiya, kuma duba jariri da kyau, a auna shi, a ɗauki hotonsa da izinin iyaye, ba ya jinkirta jana'iza. Uwar da aka laƙaba wa wabi ta cancanci a gaya mata sunan abin da ya same ta.