Tarihin Baddala Shirye-shiryen Jaruman Japan Domin Masu Kallo a Ƙasashen Turawa

1.0 Gabatarwa

A ranar 28 ga watan Agusta na shekarar 1993 tashar Fox ta ƙasar Amurka ta fara nuna wani shirin yara mai suna Mighty Morphin Power Rangers. Labari ne na matasa biyar ƴan makarantar sakandare a wani gari na ƙage mai suna Angel Grove a jihar Kalifoniya, waɗanda ke rikiɗa su zama jarumai masu tufafi launi-launi don yaƙar dodanni. Yawancin yaran da suka kalli shirin ba su san cewa faɗace-faɗacen da ke burge su a Japan aka ɗauke su ba, shekara guda kafin nan, da wasu ƴan wasa dabam, a cikin wani labari dabam. Wannan takarda za ta bi tarihin irin wannan aiki na baddala, wato ɗaukar shirin wata al'umma a sake masa kama don ya dace da wata: inda ya samo asali, yadda ake yin sa, da abin da ya salwanta a hanya.

2.0 Asalin Shirye-shiryen a Japan

Japanawa na kiran irin waɗannan finafinai tokusatsu, ma'ana ɗaukar hoto ta dabaru na musamman. Babbar dabarar ita ce a sa wa mutum rigar roba mai siffar dodo, a gina masa ƙaramin birni na katako da kwali, ya bi yana rushewa. Idan aka ɗauka daga ƙasa, sai a gan shi kamar ya fi bene tsawo. Fim ɗin Gojira na kamfanin Toho, wanda ya fito a 1954, shi ya kafa wannan salo. Ishiro Honda ne ya ba da umarni, Eiji Tsuburaya kuma ya tsara dabarun hoton.

Daga sinima salon ya shiga talabijin. An yi Gekko Kamen a 1958, sannan Ultraman na kamfanin Tsuburaya a 1966. A 1971 kamfanin Toei ya fito da Kamen Rider, wanda mai zanen labarai Shotaro Ishinomori ya ƙirƙira. Shi ne kuma ya ƙirƙiri Gorenger a 1975, labarin jarumai biyar masu aiki tare, kowa da launin tufafinsa, wanda ya kai kashi 84. Wannan shi ne mafarin jerin da ake kira Super Sentai.

Tun a lokacin ma aro ba ta fuska ɗaya yake tafiya ba. A 1978 Toei ya yi yarjejeniya da kamfanin Marvel na Amurka ya shirya nasa Spider-Man, ya kuma ba shi ƙaton mutum-mutumi na ƙarfe wanda yake shiga ya yi yaƙi. Yara suka so abin, kayan wasan suka samu kasuwa, saboda haka aka sa irin wannan mutum-mutumi a Battle Fever J a 1979. Daga nan har zuwa 2025 babu shekarar da Toei bai fito da sabuwar ƙungiyar jarumai ba, da sababbin tufafi da sababbin dodanni, kamfanin Bandai kuma yana ƙera kayan wasansu.

3.0 Hanyoyin Farko na Kai Su Waje

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗora murya: a bar hoton yadda yake, a cire maganar Japananci a sa ta wani harshe, irin yadda ake yi wa finafinan Indiya da Hausa. Haka aka yi wa Ultraman a Amurka a ƙarshen shekarun 1960. A Faransa wannan hanya ta ci nasara sosai. An nuna Gavan da sunan X-Or a 1983, aka nuna Bioman a tashar Canal+ a 1985, daga baya ya shahara a shirin yara na Club Dorothée. A Birazil ma Jaspion da Changeman sun yi tashe daga 1988. A waɗannan ƙasashe yara sun ga fuskokin Japanawa, kuma hakan bai hana su so ba.

Hanya ta biyu ita ce yanka da ɗinki. A 1956 wasu ƴan kasuwar fim na Amurka suka sayi Gojira, suka yanke wurare da yawa, suka ɗauki sababbin fitowa da ɗan wasan nan Raymond Burr a matsayin ɗan jarida Ba'amurke da ya je Tokiyo. Don ya zama kamar yana magana da ƴan wasan asali, sai aka samo masu kama da su aka ɗauke su ta baya. Fim ɗin ya fito da sunan Godzilla, King of the Monsters! ya kuma kawo kuɗi. Sai dai Gojira na asali kukan al'umma ne da ta ga abin da bam ɗin nukiliya ya yi wa Hiroshima da Nagasaki a 1945, ta kuma ga yadda tokar gwajin bam na Amurka ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan a watan Maris na 1954. Yawancin maganganun da suka taɓo wannan ciwo ba su tsira daga almakashi ba.

4.0 Haim Saban da Shekarun Jira

Manyan tashoshin Amurka sun daɗe suna ƙin Super Sentai. A shekarun 1980 Stan Lee na Marvel, tare da Margaret Loesch, ya yi ta tallata musu Sun Vulcan na 1981, babu wanda ya saya. A ganinsu abin ya yi araha da yawa, kuma baƙo ne ga yaran Amurka.

Wanda ya samo bakin zaren shi ne Haim Saban. An haife shi a Iskandariya ta Masar a 1944, ya tashi a Isra'ila, ya yi sana'ar kiɗa a Faransa, sannan ya koma Amurka inda shi da abokin aikinsa Shuki Levy ke tsara kiɗan finafinan zane na yara. A wata tafiya da ya yi Japan a 1984 ya ga Bioman a talabijin, ya lura da abin da wasu ba su ba muhimmanci ba: da zarar jaruman sun rikiɗa, hular kwano ke rufe fuskokinsu gaba ɗaya, ba a ganin ido balle leɓe. Ke nan duk wanda aka ce shi ne a ciki, shi ne. Faɗa da fashe-fashe da dodanni, waɗanda su ke cin kuɗi, an riga an ɗauka. Abin da ya rage shi ne a ɗauki ƴan wasan Amurka suna hira a aji ko a wurin shan lemo, a haɗa.

Ya shirya gwaji a 1986, ya yi ta yawo da shi ana mayar da shi. Mai haƙuri yakan dafa dutse: a 1990 Margaret Loesch ta zama shugabar sashen yara na Fox, kuma ita ta riga ta san irin wannan shiri. Ita ta amince, duk da shakkar da na sama da ita suka nuna. Shirin da aka zaɓa shi ne Zyuranger, mai kashi 50, wanda Toei ya fara nunawa a 1992.

5.0 Abin da Aka Riƙe da Abin da Aka Sauya

Marubutan Amurka daga baya suke fara aiki. Sukan kalli kashin Japan, su ware mintocin da babu fuskar Bajapane ko rubutun Japananci a fili, sannan su ƙago labarin da zai kai ga wannan faɗa. Idan dodon ranar alade ne mai haɗama, to dole labarin makarantar ya shafi abinci.

A Zyuranger jaruman ƴaƴan wasu ƙabilu ne na zamanin da, waɗanda suka yi barcin shekara miliyan 170 suka farka don yaƙar mayya Bandora. A Amurka an mayar da su ƴan makaranta na yau da kullum, aka ƙara musu jagora mai suna Zordon da wasu shashashai biyu, Bulk da Skull, don ban dariya. Bandora ita aka bari da fuskarta, wato ta ƴar wasa Machiko Soga, aka sa mata suna Rita Repulsa, Barbara Goodson ta ɗora mata murya. Amma an cire dalilin muguntarta. A labarin asali uwa ce da ɗanta ya mutu, baƙin ciki ya sa ta sayar da ranta ga shaiɗan. Rita kuwa muguwa ce kawai.

Haka aka yi da mutuwa. Jarumi na shida mai koren tufafi, Burai, yayan jajen jarumin ne, kuma kwanakinsa ƙididdigaggu ne. Akwai kyandir da ke ci yana nuna abin da ya rage masa, kuma a ƙarshe ya mutu. A Amurka an riƙe kyandir ɗin, amma abin da yake cinyewa ƙarfin Tommy ne, ba ransa ba. Tommy ya rayu, ya dawo, ya zama wanda yara suka fi so.

An kuma sauya jinsi. Jarumi mai ruwan ɗorawa namiji ne a Japan, amma Amurkawa na son mata biyu a ƙungiyar, sai aka ba Thuy Trang matsayin da sunan Trini. Shi ya sa mai ruwan hoda kaɗai ke da siket a tufafinta. An tsara ƙungiyar ta ƙunshi jinsunan Amurka dabam-dabam, sai dai ba wa baƙar fata baƙin tufafi, da ba wa ƴar asalin Asiya ruwan ɗorawa, ya jawo suka daga baya.

6.0 Matsalolin da Nasara Ta Haifar

Shirin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata, har kayan wasan Bandai suka yi wuyar samu a shaguna lokacin Kirsimeti na 1993. Da farko kashi 40 aka tsara, sai Fox ta nemi ƙari, alhali hotunan Zyuranger sun kusa ƙarewa. Dole Saban ya biya Toei ya ɗauki sababbin faɗace-faɗace da tsofaffin tufafin, zangon farko ya kai kashi 60. A zango na biyu aka aro mutum-mutumin Dairanger na 1993, a na uku aka aro na Kakuranger na 1994, ana ta dabarar yanka don kada a gane jaruman ba su taɓa haɗuwa da dodannin a fage ɗaya ba. Daga 1996 aka haƙura aka bi tsarin Japan na sauya tufafi kowace shekara. Ko da hakan, wani lokaci kayan aro ba ya rufe katara: Carranger na 1996 shirin barkwanci ne mai yi wa Super Sentai kansa ba'a, amma aka nemi a mayar da shi labarin gaske a Turbo na 1997, abin ya zo bambaraƙwai.

Matsala ta biyu ta ƴan wasa ce. An shirya shirin ne ba a ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadagon ƴan wasa ba, albashi kaɗan, aiki da yawa. A 1994 uku daga cikinsu, Austin St. John da Walter Jones da Thuy Trang, suka bar aiki a kan batun kuɗi. Kamfanin ya yi musu abin da ya saba yi wa Japanawa: ya ci gaba da nuna jarumansu cikin hular kwano da muryoyin wasu, har aka samo madadinsu. Dabarar da ta sa shirin ya yi araha ita ce ta sa kowane ɗan wasa ya zama abin musanyawa.

Ta uku ita ce ƙorafin iyaye a kan yawan faɗa. A 1994 hukumar kula da ƙa'idojin watsa shirye-shirye ta Kanada ta yanke cewa shirin ya saɓa ƙa'ida, tashar YTV ta janye shi. A shekarar ce kuma aka dakatar da shi a Niyu Zilan. A Malesiya, a 1995, kalmar Morphin ce ta jawo matsala, saboda ta yi kama da sunan wata ƙwaya mai sa maye.

7.0 Waɗanda Suka Biyo Baya

Ganin riba ya sa aka yi ta kwaikwayo. Saban ya fito da VR Troopers a 1994, wanda aka ɗinka daga shirye-shirye uku na shekarun 1980 da ba su da alaƙa da juna, sai Masked Rider a 1995 da Big Bad Beetleborgs a 1996. Kamfanin DIC ya yi nasa daga Gridman a 1994. Babu wanda ya daɗe. VR Troopers da Beetleborgs sun tsaya ne saboda hotunan Japan sun ƙare.

Power Rangers kuwa ya yi ta sauya hannu. Disney ya mallake shi a 2001, ya mayar da ɗaukarsa Niyu Zilan, ƙasar da ta taɓa dakatar da shi, daga zangon 2003. Saban ya sake saye a 2010, sannan Hasbro ya saya a 2018 a kan dala miliyan 522. A Cosmic Fury na 2023 tufafin jaruman sababbi ne da ba a aro daga Japan ba, ko da yake faɗan mutum-mutumin na Japan ne.

Abin ya kuma koma inda ya fito. An fassara Power Rangers da Japananci, Machiko Soga ta ɗora wa Rita muryarta, wato ta fassara kanta. A 2015 aka fitar da Zyuranger na asali a Amurka a faifai, da fassara a rubuce a ƙasan hoto, yaran 1993 da suka girma suka ga mutuwar Burai da dalilin baƙin cikin Bandora.

8.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna hanyoyi biyu na kai shiri ga baƙin masu kallo. Faransa da Birazil sun sauya harshe suka bar labarin, Amurka ta riƙe hoton ta sauya labarin da fuskokin. Hanya ta biyu ta fi kawo kuɗi, ta kai aikin Toei gidaje da yawa a duniya. Amma ta yi hakan ne bayan ta cire mutuwa da baƙin ciki, ta kuma bar ƴan wasan Japan da suka yi tsalle da faɗuwa a cikin tufafin ba tare da masu kallo sun san da su ba. Ga ɗalibin fassara, tambayar da ta dace a yi wa kowane aikin baddala ita ce: me aka cire, wa ya yanke shawarar cirewa, kuma don wa aka cire?