Kalangu a Bakin Ƙofar Aji: Tarihin Muhawara Kan Koyar da Kiɗa da Zane a Firamare

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tayar da maganar koyar da kiɗa da zane a makarantun firamare na gwamnati, sai a ɗauka sabuwar muhawara ce, alhali kuwa ta girmi 'yancin Nijeriya. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun muhawarar, domin mu ga abin da ya sa aikin hannu ya samu shiga aji a ƙasar Hausa, kiɗa kuwa ya tsaya a bakin ƙofa.

Zamanin Turawa

A shekarar 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano. Cikin sassanta har da na sana'o'i, inda yara suka koyi dukanci da ƙira da kafinta a hannun masu sana'ar. A Kudu kuwa, makarantun mishan sun riga sun mayar da rera waƙa darasi, domin coci na bukatar mawaƙa. Haka nan Aina Onabolu ya yi ta fafutukar shigar da zane makarantun Legas, har gwamnati ta ɗauko Kenneth Murray a 1927 don koyar da fannin.

A Arewa abubuwa biyu suka tare wa kiɗa hanya. Na farko, malaman addini sun daɗe suna saɓani a kansa, wasu na hana shi, wasu na halatta shi a sha'anin aure ko yaƙi. Na biyu, kiɗa sana'ar gado ce da ke tafiya da roƙo, kuma uban da ya ba da ɗansa boko fatansa ya zama malami ko akawu. Wasan kwaikwayo ne ya samu kafa, musamman bayan da Dakta R. M. East ya fitar da Six Hausa Plays.

Bayan 'Yanci

Taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya nemi ilmin da zai dace da al'adunmu. Daga nan aka samar da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, shekarar bikin FESTAC, wadda ta sanya kiɗa da zane da sana'o'in gida cikin abubuwan da za a koyar a firamare. Sai dai shirin UPE na 1976 ya riga ya cika azuzuwa maƙil, an kuma horar da malamai cikin gaggawa. A nan muhawarar ta sake salo. Wasu suka ce a fara da karatu da lissafi, sauran kwalliya ce. Wasu suka ce a samar da ƙwararren malami na musamman. Wasu kuma suka ga malamin aji ya wadatar. Ana cikin wannan ja-in-ja, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, wato jami'a ta karrama fasahar da firamare ke ɗari-ɗari da ita. Manhajar da aka fara aiki da ita a 2008 ta haɗa kiɗa da zane da wasan kwaikwayo cikin darasi guda, wanda hakan ya ɗora wa malami ɗaya kayan mutum uku.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna mana cewa Bahaushe bai taɓa ƙin waƙa a matsayin hanyar koyarwa ba. Da waƙa Nana Asma'u da 'Yan Taru suka ilmantar da mata a ƙarni na 19. Abin da iyaye ke gudu shi ne roƙo da sharholiya. Saboda haka muna ganin a fara da abin da babu saɓani a kansa: rubutacciyar waƙa da waƙoƙin gaɗa da na tatsuniya da zanen gini da na ƙwarya. A kuma gayyato masu sana'a na gari su taimaka wa malamin aji, kamar yadda aka yi a Nasarawa. In ba haka ba, za mu ci gaba da yaye yaran da suka haddace sunayen kayan kiɗa domin jarrabawa, ba su taɓa rera baiti ɗaya a aji ba.