Uraniyom ɗin Nijar a bakin shugaban Amurka

A daren 28 ga Janairu 2003, shugaba George W. Bush ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka ya ce gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam Husaini ya nemi uraniyom mai yawa a Afirka. Kalmomi 16 ne kacal da Turanci. Bai ambaci Nijar ba, amma ma'aikatar harkokin wajensa ta riga ta kama sunanta tun Disamba 2002.

Zancen yana da tushe, sai dai tushen na hulɗar jakadanci ne. Iraƙi ta sayi uraniyom a Nijar a farkon shekarun 1980. A Fabrairu 1999 kuma jakadanta a fadar Paparoma, Wissam al-Zahawi, ya ziyarci Yamai zamanin shugaba Ba'are Mainasara. Ziyarar jakada abu ne da kowace ƙasa ta saba karɓa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 ne aka sake karanta ta da idon tsoro.

A Fabrairu 2002 hukumar leƙen asiri ta CIA ta aiko tsohon jakada Joseph Wilson Yamai. Ya gana da tsofaffin hukumomi, ya koma ya ce da wuya cinikin ya auku. Hujjarsa kowane mutumin Arlit ya san ta: a lokacin ma'adinan Somair da Cominak suna ƙarƙashin idon kamfanin Cogema na Faransa, kayan kuma a ƙidaye suke bin hanya har tashar ruwan Kwatano. Tan 500 da ake magana ba allura ba ce, ƙasar duka abin da take haƙowa a shekara a lokacin bai wuce kimanin tan 3,000 ba.

Bayaninsa bai yi tasiri ba, domin an riga an sauya wa zancen riga. A Satumba 2002 Condoleezza Rice, mai ba Bush shawara kan tsaro, ta yi kashedin cewa jiran cikakkiyar shaida yana iya zama jiran hayaƙin bom na ƙare dangi. Wannan ita ce dabarar. Muddin batu yana hannun jakadu, wanda ya yi zargi shi ke kawo shaida. Da zarar an kira shi barazanar tsaro sai nauyin ya koma kan wanda ake zargi, mai tambaya kuma a ɗauke shi mai wasa da rayukan jama'a. Haka Nijar ta wayi gari ana son ta tabbatar ba ta sayar da abin da ba ta sayar ba.

Takardun cinikin, waɗanda suka ɓullo ta Italiya, ko jabun ma ba a iya yi ba. Wata wasiƙa ta Oktoba 2000 tana ɗauke da sa hannun Allele Elhaji Habibu a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. Duk wani akawu a Yamai da ya gane hakan nan take, amma ba akawun Yamai aka nuna wa ba. Ranar 7 ga Maris 2003 Muhammad al-Baradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa kwamitin sulhu cewa takardun na boge ne. Ranar 20 ga watan aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza.

Sai a Yuli 2003, bayan Wilson ya fallasa labarin tafiyarsa a jaridar New York Times, shugaban CIA George Tenet ya amsa cewa bai kamata kalmomin su shiga jawabin ba. Birtaniya ta dage tana da wasu hujjoji na daban. Masu binciken Amurka da suka tone Iraƙi kuwa sun bayyana a 2004 cewa ba su sami alamar Bagadaza ta nemi uraniyom a waje ba tun bayan 1991.