Daga Yaran Rami Zuwa Injin da Ke Jera Kwalabe

Wanda ya shiga ɗakin wasan bolin yau, abin da idonsa ke gani kaɗan ne. Ya mirgina ƙwallo a kan doguwar hanyar katako mai ƙafa 60, kwalabe goma su watse, kafin ya juya an share waɗanda suka faɗi, ƙwallonsa kuma ta dawo ta ƙarƙashin ƙasa. Kwalaben ba na gilashi ba ne, katako ne aka sassaƙa aka lulluɓe da roba, kowacce tsawonta inci 15, nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi. Aikin gaske yana bayan bango.

A Amurka ta farkon ƙarni na 20, yara ne ke wannan aiki. Yaro yakan ɗare kan wani dakali a ƙarshen hanya ya naɗe ƙafafu, ƙwallo mai kilo bakwai ta wuce, sai ya dira cikin rami ya kwashe abin da ya zube, ya jera, ya turo ƙwallo baya. Kwalba kan yi tsalle ta fasa masa ƙwauri. Mai ɗaukar hoto Lewis Hine, wanda ya yi fama da masu bautar da yara, ya ɗauki hotunan irinsu a Brooklyn a 1910, dare ya raba suna bakin aiki.

Wani mai suna Gottfried Schmidt ne ya ƙera injin da ya fara kama hanya, kamfanin AMF ya mallaki haƙƙin ƙirar. Abin dariya, sana'ar AMF ta asali ita ce injinan sarrafa taba. A 1946 suka baje kolin injin a birnin Buffalo, wani ƙato mai kusan tan biyu, wanda bai yi amincin da za a saka shi kasuwa ba. Sai a 1952 samfurin 82-30 ya fara bazuwa. Kamfanin Brunswick ya biyo da nasa a 1956, daga baya ya fitar da A-2, wanda har yau yana ruri a ɗakunan wasa da dama. Cikin 'yan shekaru ramukan suka zama ba yara.

Ga yadda zagayen yake. Da ƙwallo ta wuce, wani ƙarfe mai shara zai sauko ya tare gaba. Sai faranti mai ramuka goma ya sauko ya cafke wuyan kwalaben da ke tsaye ya ɗaga su, mai shara ya tura na ƙasa cikin rami, farantin ya mayar da na tsaye inda ya same su. A cikin ramin akwai shimfiɗa mai tafiya da ke jan komai baya. Ƙwallo ta fi girman ta bi ta ƙarƙashin wani matari da ke bayan ramin, sai ta zame gefe zuwa hanyar komawa. Kwalabe kuwa wani babban wili ke ɗaukarsu sama, a juya su gindi gaba, a raba wa kowacce gurbinta. Injin na riƙe da kwalabe wajen ashirin, goma na wasa goma na shiri.

A ganina, jerawa ba ita ce ta fi ba maƙera wahala ba. Kwalba ba ta da alƙawari. Wani lokaci ƙwallo za ta goge ta, ta ja gefe ta tsaya cak ba ta faɗi ba. Yaro da ido ɗaya zai gane, ya bar ta nan yadda doka ta ce. Faranti kuwa saukowa zai yi ya dira a kanta. Don haka aka koya wa injin ya ji tirjiya ya fasa sauka, ya dakata har bakanike ya zo ya kwashe na ƙasa da hannu. Idan kwalabe suka cushe a hanya gurabe ba su cika ba, A-2 yakan tsaya a tsakiyar zagayensa yana jira, abin da bakanikai ke kira tsayuwar 180. Kwalba ma kan toshe ƙofar ƙwallo, ɗan wasa ya yi ta zuba ido. Injinan baya-bayan nan, irin su GS-X, in sun cije sukan kashe kansu su nuna lambar matsalar a allo. Duk da haka mutum ne zai sa hannu, bayan ya yanke wuta ya kulle makunni, domin injin ya sha raunata masu garaje.

Kuɗin bakanike da na kayan gyara su suka kawo salon da ke yaɗuwa yanzu: a ɗaure wa kowacce kwalba igiya a ka, in ta faɗi a janye ta sama a sake sauke ta. Babu wili, babu mai shara. Tsofaffin 'yan wasa sun yi ta gunaguni cewa igiya na canza yadda kwalabe ke faɗuwa, amma hukumar wasan bolin ta Amurka, USBC, ta amince da salon daga watan Agusta na 2023, a lokacin a rukuninsa daban. Shi ma yana da tasa cutar, igiyoyi kan sarƙe. Injin yakan ja ya saki sau da dama ko za su warware, in sun ƙi sai ya tsaya ya kira mutum.