Daga miƙa hannu zuwa ƙyaftawar sigina: tarihin wata ƙaramar fitila a hanyoyinmu

Maudu'inmu na wannan mako ƙarami ne a ido, amma duk wanda ya taɓa bin hanyar Bichi zuwa Bagwai bayan magariba, motar da ke gabansa ta karya kwana ba tare da ta nuna ba, ya san ba ƙarami ba ne. Muna maganar sigina ce, wadda tsofaffin direbobinmu ke kira tirafiketa.

Shi kansa sunan tirafiketa tarihi ne. Motocin Ingila da suka fara cika hanyoyin Kano ba su da fitila mai ƙyaftawa. Abin da suke da shi wani ɗan hannu ne mai launin ruwan lemo da ke kwance a jikin mota kusa da ƙofa. Idan direba ya murɗa makunni sai ya miƙo waje. Morris Minor ta riƙe shi har farkon shekarun 1960, Volkswagen Beetle ma har 1960 a Turai. Amurka ta riga su, domin tun 1939 kamfanin Buick ya fito da fitila mai ƙyaftawa. Hannun ya ɓace, sunansa ya zauna a bakinmu. A manyan motocin kaya kuwa, irin su Bedford da Austin, hannun direba ne sigina, yaron mota kuma yana leƙowa daga baya yana ɗaga wa na baya hannu.

Ranar 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta yi canjin hannu, aka bar hagu aka koma dama. An sha ba da labarin ruɗanin ranar, amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Motocin da ke ƙasa a lokacin sitiyarinsu a dama yake. Kafin canji, direba na miƙa hannu ta taga ya faɗa tsakiyar titi, kowa ya gani. Bayan canji sai hannun nasa ya koma gefen daji, mai shirin wuce shi ta hagu ba ya ganin komai. Daga ranar ne, a ganinmu, fitila ta tashi daga ado ta zama dole. Da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa 504 a 1975, Fijo ta zama motar haya ta Arewa, kuma a kanta ne yawancin iyayen gidan masu gyaran wayarmu na yau suka koyi aiki.

A nan Bagwai abin ya ƙara nauyi bayan kammala dam ɗin Watari a 1980. Noman rani ya kawo akori-kura masu lodin tumatir da albasa da shinkafa, kuma ƙasarmu ba dajin da babu kowa ba ce: ko'ina akwai 'yar hanyar da ke ɓallewa zuwa gona ko ƙauye, ta Kiyawa, ta Gadanya, ta Romo, ta Rimin Dako. Kwanar da ba ta da allo ba ta da shatale-tale, sigina kaɗai ke sanar da ita.

To me ke kashe ta? Sai mun fahimci yadda take aiki. Wuta na tashi daga batir, ta bi ta fis, ta shiga wani ɗan gwangwani da ake kira filasha, ta je makunnin da ke jikin sitiyari, daga nan ta rabu hagu ko dama zuwa ƙwayaye. Ba ta tsaya nan ba, dole ta koma batir, kuma ba ta waya mai tsawo take komawa ba, ta jikin ƙarfen motar take bi. A tsohuwar filasha akwai siririn ƙarfe da wuta ke ɗumamawa ya lanƙwashe ya yanke layi, ya huce ya sake haɗewa. Wannan ne ƙas-ƙas ɗin da muke ji. An tsara ta ne da nauyin ƙwai biyu masu wat 21 kowanne, ta ƙyafta tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti. Idan ƙwai ɗaya ya mutu nauyin ya ragu, sai ta kama sauri a yawancin motoci, a wasu tsofaffin kuma ta tsaya cak. Wannan saurin ba lalacewar filasha ba ce, saƙo ne ga direba cewa na bayansa ba ya ganinsa. Mu kuwa sau nawa muka ga an sauya filasha lafiyayya, an bar mataccen ƙwai a baya?

Babbar cutar motocinmu ita ce hanyar komawar nan. Ƙurar hunturu na shiga gidan ƙwai, ruwan damina ya biyo baya, tsatsa ta ci wurin da aka ɗaure wayar a jikin bodi. Wutar da ta rasa hanyarta sai ta nemi wata, ta kutsa ta ƙwan birki mai zare biyu. Shi ya sa za ku ga mota ta sa sigina, duk fitilun baya suna lumshewa tare dishi-dishi, ko direba ya taka birki siginar ta ɗauke. Mai motar zai ce wayarin ya rikice gaba ɗaya, alhali sau da yawa kankare tsatsa da ɗaure noti ɗaya ne maganin.

Zamanin motocin Kwatano ya zo da nasa. Motar da ta sha gishirin titunan Turai takan iso da tsatsa a ɓoye, wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuma takan zo da wayoyin da aka yanke aka ƙara musu tsawo, aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif. Zafin bazara na sakin salatif, gargadar hanya ta goga wayar a jikin ƙarfe, fis ya ƙone. A nan ne muke tafka kuskuren da ya fi kowanne tsada, wato maye gurbin fis da guntun waya ko takardar kwalin sigari. Fis ya mutu ne don kada wayarin ya mutu. Idan aka hana shi, wayar ce za ta narke a bayan dashbod. Yanzu kuma ga ƙananan ƙwayayen zamani masu haske da ake sayowa a Ƙofar Ruwa, waɗanda ba sa jan wuta sosai, tsohuwar filasha ta ɗauka ƙwai ya mutu ta yi ta sauri.

Babura ma haka. Tun bayan hana acaɓa a birnin Kano a Janairun 2013, sana'ar ta fi ƙarfi a karkara irin tamu. Siginar babur da batir take aiki, mu kuma da batir ya raunana sai mu koma kik mu manta da shi. Sigina ta kama ba ta ƙyaftawa sai an ja totur, daga baya ta karye a faɗuwa, a cire ta a jefar. Hukumar kiyaye haɗura da aka kafa a 1988 da KAROTA sun fi zama a manyan tituna. A hanyar gona babu mai tambaya.

Kada mu ɗora wa waya laifin komai. Mun ƙirƙiro wa sigina ma'anonin da ba nata ba. Direban babbar mota na sa ta dama don ya ce wuce ni, ta hagu don ya ce dakata. Wasu na kunna huɗun gaba ɗaya a mararraba wai alamar za su miƙe. Wanda ke baya sai ya yi ta canka.

Amma waɗannan huɗun suna da amfanin da masu gyara na ƙwarai suka daɗe da sani. Kafin a kwance komai, a kunna su a zagaya motar. Idan duk sun ƙyafta daidai, ƙwayaye da wayoyinsu da hanyar komawa lafiya lau, a nemi matsalar a makunnin sitiyari ko fis ɗin sigina. Idan kusurwa ɗaya ce ta yi shiru, ƙwan ne ko gidansa ko ɗaurinsa na bodi. Idan babu ko ɗaya, a fara da fis, sannan filasha, sannan shi kansa maɓallin huɗun, domin a motoci da yawa wutar sigina ta cikinsa take ratsawa. Duk kayan aikin da ake buƙata ƙwan gwaji ne mai 'yar waya da ɗan sanfefa, sai yaro ɗaya da zai tsaya a baya ya ce ta kama ko ba ta kama ba.