Ɓarɓashin roba a injin tace ruwa: yadda yake toshe tantani da yadda ake wankewa

Ɓarɓashin roba shi ne duk guntun leda ko roba da bai kai milimita 5 ba. Mafi yawansa ido ba ya gani. Yana fitowa daga ledojin da rana ta ƙona har suka marmashe, da tsofaffin jarkoki da tankuna, da zaren tufafin nailan idan an yi wanki. A shekarar 2019 hukumar lafiya ta duniya OMS ta fitar da rahoto cewa ana samun sa a ruwan sha, tana mai cewa haɗarinsa ga lafiya bai bayyana da yawa ba a yanzu, amma a ƙara bincike. Ga masu injin tace ruwa kuwa, illarsa a fili take.

Zuciyar irin wannan inji ita ce tantani, wata siririyar fata mai ƙofofin da suka fi gashin kai ƙanƙanta sau ɗaruruwa ko dubbai. Masu sana'ar ruwan leda sun fi sanin wanda ake kira osmose inverse da Faransanci, wanda har gishiri yake tarewa.

A Gure, cikin jahar Damagaram, babu kogi. Ruwan sha daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, kuma a wasu kwaruruka na yankin yana da kanwa da gishiri. Irin wannan ruwa bai kai na kogi ko tabki yawan roba ba, don haka abin da ya fi toshe tantani a nan shi ne rairayi da ma'adinan da ke daskarewa. Robar takan shiga ne daga baya, ta tankin da aka bari a buɗe ko tiyo da ya tsufa a rana. Idan ta haɗu da laka da yauƙin ƙwayoyin cuta, sai su manne su zama ɓawo guda. Ruwa ya ragu, pampo ya ƙara cin wuta. Guntaye masu kaifi kuma suna karce tantanin, kuma wanki ba ya gyara karcewa.

Ƙa'idar masu ƙera injinan ita ce a yi wanki da zarar ruwan da ke fita ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wasu tantanan ana tura musu ruwa ta baya tare da iska don dattin ya saki. Na osmose inverse ba a yi masa haka: ruwa ake gudanarwa da sauri a kan fuskarsa, sannan a zagaya da magani. Soda na cire maiƙo da yauƙi, asid mai sauƙi irin na lemun tsami na narkar da ma'adinai, kowanne daban, da ɗauraya a tsakani. Ruwan jabel, wanda jama'a suka yarda da shi a komai, yana kashe irin wannan tantani.

Sai dai babu ɗaya daga cikin magungunan nan da ke narkar da robar kanta. Abin da ke manne ta kawai suke saki. Shi ya sa, a ganina, kuɗin da aka kashe wajen canza ƙaramin matacin gaba, mai mikiron 5, da rufe tanki ya fi riba a kan kuɗin magani. Ruwan wankin ma cike yake da robar. A bar shi ya kwanta a kwashe dattin, kada a malalar da shi kusa da rijiya.

Nijar na da doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, wadda ta haramta ƙerawa da shigowa da sayar da ledoji marasa kauri. Duk wanda ya dubi ƙayoyin bayan gari bayan cin kasuwa ya san inda aikin dokar ya tsaya.